Ramuka Bakwai a Bargon Gogo

Shagari Low Cost, Jimeta
6 ga Mayu, 2025

Madam Edith,

Wa kika tambaya kafin ki sa allura a bargon Gogo? Na san da gaisuwa ake fara wasiƙa, to ga ta: ina gaishe ki, yaya gida, yaya aiki, yaya fama da zafin nan. Na gaisa ke nan. Yanzu ki gaya mini, wa kika tambaya?

In kin manta ni, ni ne Muktar, ɗan ƙanin Gogo Safiyatu, mai keke napep ɗin da ke sauke ta a ƙofar ajinku duk Talata da Alhamis, wanda kika taɓa cewa bakinsa ya fi kekensa gudu. Shi ya sa na zaɓi takarda. In na zo da baki zan faɗi abin da zai sa Gogo jin kunya.

Jiya na tsaya wurin mai jarida na bakin kasuwa, inda nake karatun kyauta tun ina ɗan shekara goma sha huɗu. A teburinsa na ƙarasa karatun da makaranta ba ta ƙarasa mini ba. Sai ya miƙo mini mujallar nan ta masu aikin hannu, ya ce bargon tsohuwarka ya shiga littafi. Na buɗe da murnata. Ga garinmu nan kwance yadda Gogo ta murza shi da ulu: ga dutsen, ga rafin, ga masallaci, ga coci, ga gidaje ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma Mista Fredrick, shugaban baje kolinku, ya tsaya a gaba ya rufe unguwarmu kaf da tumbinsa. Daga nan idona ya sauka a kan sababbin fararen tabo. Shida na ƙirga a fili, na bakwai yana bayan tumbin.

Bari in karanta miki bargon, tunda shekara bakwai kina tare da matan nan ba ki iya karanta shi ba. Ke kika koya musu warware suwaitar gwanjo, su tsefe ulun, su shimfiɗa shi, su yi ta murzawa da ruwan zafi da sabulu har ya kama jikinsa ya zama bargo ba saƙa ba ɗinki. Wannan naki ne, ban hana ki ba. Abin da Gogo ta rubuta da shi kuwa ba naki ba ne.

Da 'yan daji suka shigo garinmu a gindin duwatsun Madagali, a daminar 2014, mun gudu ta bayan dutse. Waɗanda aka ga gawarsu an yi musu abin da ake yi wa mamaci. Amma akwai mutum tara da har yau ba a ga gawarsu ba, ba a ji muryarsu ba. Gogo ta bar wa kowannensu rami a gidansu, kamar bakin kofin shayi. Dokar kuwa duk ɗan garinmu ya san ta. In mutum ya dawo, a rufe raminsa da kore. In an tabbatar ya mutu, a rufe da fari. Albert ya dawo ta Kamaru a 2020, ƙashi da fata, Gogo ta rufe nasa da kore a gaban jama'a ana guɗa. Bobboyi kuma wanda ya binne shi ne ya zo ya rantse a gaban liman, aka rufe nasa da fari. Saura bakwai, kuma a buɗe suka bar gidan nan.

Fari likkafani ne, Madam. Likkafani kika sa wa mutum bakwai, aka ɗauki hoto, aka buga, aka rubuta a ƙasa da Turanci cewa mai aikin ta ce fararen tabon alamar zaman lafiya ne da ya dawo. Sai da na duba ƙamus sau biyu don kada in zalunci wani. Haka aka rubuta. Yaushe Gogo ta faɗa? Da wane yare?

Duk Sallah, duk Kirsimeti, mutanen garinmu na zuwa ɗakin Gogo daga Girei da ko'ina, a shimfiɗa musu bargon. Maman Peculiar takan zura yatsa a ramin 'yarta ta yi addu'a, ta tashi ta koma gida da ƙarfinta. Yanzu kun ce ranar 24 ga wata baje kolin zai dawo daga Abuja a buɗe shi a Jimeta, har kun aika wa mutanenmu katin gayyata. Me kike so matar nan ta gani a bango?

Na nuna wa Gogo mujallar, kuma na yi da-na-sani. Ta bi tabon da yatsa, ta tambaye ni ko akwai sunanta a ƙasa. Na ce akwai. Ta ce to shi ke nan, za su ce ta ji labari ta ɓoye musu, ko kuma ta gaji da 'ya'yansu. Tun jiya ba ta fito tsakar gida ba.

A buɗe ramukan kafin ranar. Ba roƙo nake ba. Ki ba mai shagon ƙofar gidanmu amsa, zai ajiye mini.

Na bar ki lafiya.
Muktar


Karewa, Jimeta
9 ga Mayu, 2025

Zuwa ga ɗana Muktar,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da fatan Gogo ta samu sauƙin zuciya, kai ma Allah ya kiyaye ka a kan hanya. Na karanta wasiƙarka sau uku. Ba zan ce ka yi mini rashin kunya ba, ko da yake ka yi.

Ban tambayi kowa ba. Wannan ita ce amsar tambayarka.

Darasin farko da nake koya wa kowace mace shi ne, inda ulu ya yi sirara ko ya huje, kuskure ne, a gyara. Da wannan idon na kalli aikin Gogo. Sau ɗaya na taɓa tambayarta, tun tana farawa, me ya sa take barin huji. Ta yi dariya ta ce don iska ta riƙa shiga. Na ɗauka wasan tsofaffi ne na wuce. Koren tabon da farin da na gani kuwa na zaci ado ne.

Da bargon ya iso ofis a watan Nuwamba, Mista Fredrick ya ce in aka rataye shi haka nauyinsa zai ja ramukan su yage, in gyara kafin mota ta tashi. Kwana uku ne ya rage. Na kira wayar Gogo sau biyu ba ta shiga ba, ban kuma hau keke na zo ba, alhali tsakaninmu bai kai minti ashirin ba. Farin ulu ne kaɗai ya rage a kabad. Na zauna da allura mai ƙaya na cike su, na bi da ruwan zafi da sabulu don su kama sosai. Da na gama har ina jin daɗi, ina cewa na rufa wa Gogo asiri a gaban mutanen Abuja.

Ga abin da ya kamata ka sani game da aikin. Ulu in ya kama ba ya warwaruwa. Ba ɗinki ba ne da za a zare zare. Sai dai almakashi, kuma bakin ramin ba zai yi laushi kamar na da ba, zai nuna yanka. Ban da haka akwai takardar da aka sa wa hannu cewa ba mai taɓa kayan sai an gama baje koli, kuma komai yana ƙarƙashin Mista Fredrick. Zan yi masa magana ranar Litinin. Rubutun ƙasan hoton shi ya yi shi, ni ma a mujallar na fara gani.

Ka ba ni rana in zo in durƙusa a gaban Gogo. Ni ma uwa ce.

Abu ɗaya kawai zan gyara maka. Shida na cike, ba bakwai ba. Na ƙirga su lokacin aikin, na kuma sake duba hotunan da ke wayata. Wurin da Mista Fredrick ya tare babu rami, babu fari. Jar ƙasa ce a shafe kamar sauran tsakar gidan. Haka bargon ya zo hannuna.

Ka gaida Gogo, in za ta amsa. Allah ya ba mu haƙuri.

Taka,
Edith


Shagari Low Cost, Jimeta
11 ga Mayu, 2025

Madam Edith,

Ina gaisuwa. Na ga amsarki, na kuma gode da ba ki kewaya ba, don na shirya wa kewaye-kewaye shafi biyu, ga shi sun tashi a banza.

Na yarda ba da gangan kika yi ba. Abin da ke ƙona ni ke nan. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa haɗuwa da wanda ya yi mana da gangan ba, in ka cire waɗanda suka zo da bindiga. Kowa taimako ya zo yi. Masu farar mota sun zo sun ɗauki hotonmu muna layin masara, suka ce in daina dariya don hoton ya yi kyau. Wata ta zo da takardar tambayoyi, ta tambayi Gogo sau nawa take kuka a mako, akwai akwatin da za a yi wa alama. Yanzu kuma an taimaka mana an binne mana mutane da allura, an ce zaman lafiya ne. Ku kuna ganinmu kamar bargon nan ne, duk inda kuka ga rami sai hannunku ya fara ƙaiƙayi.

Zancen durƙuso, ki zo, ƙofar a buɗe take. Amma kada ki ɗauka ya wadatar. An yi laifi a mujallar da ake sayarwa har Legas, sai a ba da haƙuri a ɗaki mai labule? Maman Peculiar ba ta cikin ɗakin. Baban Othniel ba ya ciki.

Zancen almakashi kuwa, a yanka. Bakin ramin ya yi kaushi, ya yi muni, ya nuna yanka. Gara ma ya nuna. Takardar da kika ce an sa wa hannu, na tambayi Gogo, ta ce an kawo mata wata takarda ta dangwala yatsa, aka ce ta shiga mota ce. Wa ya karanta mata? Ina nan, keke ne aikina ba jirgi ba, da an kira ni.

Yanzu maganar shida. Madam, ramin da kika ce babu shi na yayana Hamma Bakari ne, ɗan Gogo tilo. Shi ya ɗora ni a wuya ya haye rafi da ni ranar gudu, ruwa har ƙirjinsa, ya ajiye ni a kan dutse ya ce in riƙe masa takalmansa, ya koma ɗauko wani tsoho maƙwabcinmu da ba ya iya tafiya. Takalman suna ƙarƙashin gadon Gogo. A watan Oktoba da yatsana na taɓa ramin nan. Rami ba ya rufe kansa.

In ba ke ba ce, to ɗaya ce daga cikin matan ajinki, don babu mai wannan hannun a Jimeta sai su. Su goma sha biyu ne, na san gidan kowacce. Na riga na je wa uku. Ta farko ta rantse, ta biyu ta yi kuka, ta uku ta watsa wa kekena ruwan wanki ta ce in je in tambayi uwata. Saura tara. Farin tabo aƙalla ya ce mutum ya taɓa rayuwa. Wannan kuwa shafe shi aka yi kamar ba a taɓa haihuwarsa a gidan ba, kuma sai na ji daga bakin wadda ta yi.

Ki gaida gida.
Muktar


Girei
14 ga Mayu, 2025

Muktar, malam mai jarida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Gogo, da fatan kun tashi lafiya. Labarinka ya haye gada ya iso mu. An ce kana bin gidajen mata kamar mai allurar rigakafi. Ka bar bayin Allah su huta. Ni ce.

Ka tuna ni na zo na ɗauki bargon don wankin ƙarshe, ya kwana biyu a wurina kafin in kai wa Madam. A nan na yi. Ka san a ajin babu mai hannuna, shi ya sa ko Madam ba ta gane ba.

Ina da shekara goma sha tara aka ɗaura mana aure da Hammanka. Wata bakwai muka yi. Yanzu ina da talatin. Kai kana da takalmansa, Gogo tana da shekara ashirin da shida da ta yi da shi, ni wata bakwai nake da su, kuma na juya su har sun suɗe. Muryarsa ma ta ɓace mini, Muktar. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Duk ranar da aka shimfiɗa bargon nan, mutane sukan kalli ramin, sannan su ɗago su kalle ni, su ce Allah ya ba ki lada. In na sa sabon zane sai a yi shiru. In na yi dariya a biki sai wata ta taɓa wata. Ba wanda ya taɓa zagina, ban ce an zage ni ba. Amma ni ma an bar ni a buɗe ne, ana zuwa ana dubawa ko ina nan.

Ban sa fari ba, don ban san ya mutu ba, kuma ba zan yi wa Allah shisshigi ba. Ban sa kore ba, don bai dawo ba. Launin ƙasar gidan na sa. Ban shafe shi ba. Ni na san wurin, ko ido rufe zan ɗora yatsa a kai. Jirana ne na rufe.

A watan Janairu yayana ya raka ni wurin alƙali. An kira shaidu, an bi abin da shari'a ta ce game da matar wanda ya ɓace, na yi idda na gama. Kafin bakinka ya fara gudu: akwai wanda ya yi magana, ban ba shi amsa ba, wataƙila ma ba zan ba shi ba. Ba don shi na yi ba.

Abin da Madam ta yi wa shidan nan ni ma ya hana ni cin abinci. Ka yi faɗanka a kansu, ina bayanka, in ana son mai riƙe bargo a yanka zan riƙe. Amma na bakwai ka bar mini shi. Kuma don Allah kada Gogo ta ji daga bakinka. Tun Nuwamba nake ɗaura mayafi in zo in gaya mata, sai in kai bakin titinku in dawo.

In ka ga sai ka yanka, ba ni da ƙarfin hana ka. Ka dai san abin da kake yankawa.

Wassalam. Ka rage gudu a kan gadar nan.

Addarka, matar yayanka,
Ummu Salma


Shagari Low Cost, Jimeta
17 ga Mayu, 2025

Adda Ummu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da mutanen Girei. Wannan ce takarda ta uku. Biyun farko na yayyaga su, kuma ki gode wa Allah da ba su iso ki ba.

Ranar da na karanta wasiƙarki na ɗauki fasinja zuwa kasuwa na kai shi tashar mota, ya zage ni na rama, alhali shi ke da gaskiya. Ina ta cewa a raina, wata bakwai ne ba su ishe ki ba, ni fa? Ni da ya ce in riƙe masa takalmi? Ba zan yi miki ƙarya in ce zuciyata ta sauka ba. Ba ta sauka ba.

Ban gaya wa Gogo ba, ki yarda ko kada ki yarda. Abin da ya faru shi ne, jiya bayan la'asar ta fito tsakar gida karon farko, ta ce in kai almakashinta a wasa shi ya yi kaifi. Na ce mata an gama, in sha Allahu ramuka bakwai za mu buɗe ko Fredrick ya so ko ya ƙi. Da gangan na ce bakwai, ina kallon fuskarta. Ba ta ko ɗago ba.

Ta ce, "Shida."

Na ce Gogo, na Hamma fa?

Ta ce, "Ranar da yarinyar nan ta zo ɗaukar bargo ta roƙe ni ragowar jan ulu. Wanki ta zo yi. Me ake yi da ulu a wanki? Na ɗauko na ba ta."

Na fara cewa ai da sai ta hana, ai ɗanta ne, ai mutane za su ce. Ta bar ni na yi ta zuba har na gaji, kin san ta. Sannan ta ce ita uwa ce, za ta jira har a ɗauke ta, ba wanda ya sa ta kuma ba wanda zai hana ta, kuma ba ta bukatar rami a bargo kafin ta tuna ta haifi ɗa. Ta ce ramukan ma tun farko don mutane ta yi su. Ta ce, "Ita wa ya ce dole ta taya ni? Na riƙe 'yar mutane shekara goma sha ɗaya, ban iya buɗe baki na ce ta tafi ba. Ulun nan shi ne abin da na iya."

Ashe kwanakin nan da ta yi a ɗaki ba don Hamma ba ne. 'Ya'yan mutane ne da aka rufe da sunanta.

To ga matsayina. Ban yarda da abin da kika yi ba, wataƙila sai na tsufa. Amma hannuna ba zai taɓa wurin ba, kuma duk wanda ya tambaye ni ina na bakwai zan ce ya je ya tambayi Gogo, in yana da ƙarfin hali. Matan da na bi gidajensu kuma zan koma in ba su haƙuri, ban da mai ruwan wanki.

Gogo ta ce ki zo ranar Juma'a, za ta yi miyar yakuwa, kuma ki daina tsayawa a bakin titi kamar mai jiran gawa, an gan ki. Ta ce ki sa sabon zanen.

Ƙaninki,
Muktar


Karewa, Jimeta
20 ga Mayu, 2025

Ɗana Muktar,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka yi mini godiya ga Gogo da ta karɓe ni ranar Lahadi, ta kuma hana ni durƙusawa.

Na yi wa Mista Fredrick magana sau biyu. Ya ce abin da aka buga an buga, manyan baƙi za su zo daga Abuja su ga bargon da suka gani a mujalla, ba wani ba. Ya ce labarin zaman lafiya shi ne ya ja hankalin mutane zuwa ga matan nan, kada mu ɓata musu. Da na ce Gogo ba ta faɗi haka ba, sai ya ce abin da take nufi ke nan ko da ba ta faɗa ba. Iyakar abin da ya yarda shi ne a liƙa 'yar takarda a gefe bayan an gama buki.

Ni ce zan rataye kayan ranar Alhamis. Makullin zauren yana hannuna daga ƙarfe takwas na safe, shi kuma sai sha ɗaya yake zuwa. Ban ce ku zo ba. Lokaci kawai na gaya maka. Na san abin da zai iya biyo baya a ofis, na kuma yi magana da maigidana.

Allah ya kai mu.

Taka,
Edith


Jimeta
22 ga Mayu, 2025

Mista Fredrick,

Ina gaishe ka gaisuwar da ake yi wa babba. Sunana Muktar, direban keke, ɗan ƙanin Gogo Safiyatu mai bargon da ka tsaya a gabansa. Na liƙa kwafin wannan takarda a ƙofar zaure, don kada ta ɓace a ofis.

A cikin ambulan ɗin nan za ka ga farin ulu guda shida. Naka ne, kai ka ba da umarni a sa su. Yau da safe, a fili ba a ɓoye ba, mai bargon ta yanke su da hannunta da almakashinta. Ga sunayen waɗanda ke ƙarƙashinsu: Peculiar, Othniel, Ikram, Umair, Abba, Ephraim. Ba wanda ya ga gawar ko ɗaya. Iyayensu na raye, kuma kai ka gayyace su.

An ce ka shigo ka ga bango ka ce an lalata aiki. Aikin wa? An ce kuma ka ce Madam Edith ta same ka a ofis ranar Litinin. Ita ta yi kuskure ta amsa shi da bakinta, ta riƙe bargon ana yanka tana hawaye. In akwai hukunci, a fara da wanda bai amsa nasa ba.

Bargon mun gyara. Mujallar ce almakashi ba ya kai mata. Tana Abuja, tana Legas, tana teburin mai jarida a bakin kasuwa, kuma ɗan garinmu ya riga ya kai wa maman Peculiar ita. Kwana biyu matar nan tana zaman makokin 'yar da ba wanda ya ce mata ta mutu.

Jibi Asabar, kafin jawabin manyan baƙi, kafin a raba ruwan lemo, ka tashi a gaban iyayen nan. Da Hausa, ba da Turanci ba, na ji kana ciniki da ita a kasuwa. Ka faɗa musu Gogo ba ta rufe ɗan kowa ba, ka faɗa musu a wace fitowar mujallar za ka janye maganar. Ina layin gaba, kuma ba na bukatar lasifika. In ka fara da wani zance zan miƙe in tambaye ka, in sake tambayarka, har sai ka amsa a gaban kowa: maganar da ka sa a bakin tsohuwar nan, wa ya gaya maka ita?

Na bar ka lafiya zuwa Asabar.
Muktar